Yadda Ake Shiga Shafin Saitin Rauta Idan Ya Ƙi Buɗewa

Shekara da shekaru, al'adar sayen rauta a kasuwar Suk al-Arabi ɗaya ce. Ka ratsa ta gefen Babban Masallacin Hartum, ka shiga layin masu waya da kwamfuta, ku daidaita da mai shago, ya miƙa na'urar ga yaron da kowa ke kira muhandis. Shi zai zura mata layin Zain ko MTN ko Sudani, ya ɗan danne-danne a kwamfutarsa, ya rubuta maka kalmar sirrin Wi-Fi a bayan kwali, ka kama hanyar gida. Ba ka tambaye shi ta ina ya shiga ba, shi ma bai faɗa ba. In wani abu ya taso, ai shagon na nan, mota ɗaya ce za ta kai ka.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rushe wannan al'ada. An wawashe kasuwar, gine-gine da yawa sun lalace, masu shaguna da yaransu sun watsu, wasu Bur Sudan, wasu Atbara, wasu Masar, wasu kuma suka koma kasuwannin arewacin Umdurman irin su Sabrin. Tun da sojoji suka karɓe tsakiyar Hartum a watan Maris 2025 jama'a ke komawa gidajensu, kuma bayan ruwa da wuta, intanet na cikin abin da ake fara nema, tunda kuɗin cefane ma ta manhajar banki ta Bankak yake zuwa. Sai ka ga magidanci da rauta a hannu, yana son ya sauya kalmar sirri saboda data na ƙarewa ba gaira ba dalili, ko yana son ya sa mata wani layi, amma shafin saiti ya ƙi buɗewa, wanda zai tambaya kuma ya yi nisa. Domin shi na yi wannan rubutu, da uwargidan da aka bar wa riƙon gida, da ɗalibin da a gidansu shi ake ƙwala wa kira duk lokacin da intanet ya tsaya. Na Gadarif da na Mai Wurno, har na Kano da Maraɗi, duk za su iya bi, domin na'urorin iri ɗaya ne.

Shafin da muhandis yake shiga ba a intanet yake ba. A cikin akwatin rautar yake zaune, domin ita kanta 'yar ƙaramar kwamfuta ce mai ɗauke da shafinta. Ko an zare mata layi, ko data ta ƙare, ko an katse sadarwar ƙasa kamar yadda aka yi a watan Yunin 2019 da Fabrairun 2024, shafin zai buɗe muddin akwai wuta a jikinta kuma wayarka ko kwamfutarka na haɗe da ita. Adireshin da ake kiran sa da shi, wanda galibi yake farawa da 192.168, yana cikin lambobin da aka keɓe tun 1994 domin amfanin cikin gida da ofis kaɗai. Miliyoyin gidaje a duniya suna amfani da lamba ɗaya a lokaci guda ba tare da sun yi karo ba, saboda da zarar an fita daga gidan lambar ba ta nufin komai. Kamar ka aiki yaro ne ya ɗauko maka abu a ƙuryar ɗaki, shi kuma ya fice titi yana tambayar masu wucewa ina ƙuryar ɗaki take. Mafi yawan lokutan da shafin ya ƙi buɗewa abin da ya faru ke nan: na'urar lafiyarta ƙalau, saƙonka ne aka fitar waje. Saboda haka kar ka yi saurin zura tsinke a ramin Reset da ke goge komai. Bi sannu ka gano inda saƙon yake ɓacewa.

Ta ina wayarka take fita?

Da farko tabbatar wayarka a kan Wi-Fi ɗin rautar take. Abin kamar bai kai a faɗa ba, amma a unguwar da gidaje ke manne da juna waya takan kama na maƙwabcin da ta taɓa shiga. Buɗe saitin Wi-Fi ka karanta sunan da idonka. Sannan ka kashe datar layin wayar gaba ɗaya. Wannan kaɗai ya isa ya warware matsalar mutane da yawa, ga kuma dalili. Android da iPhone duk suna gwada Wi-Fi su ga ko akwai intanet a bayansa, in suka ga babu sai su riƙa tura abubuwa ta layin waya ba tare da sun sanar da kai ba, alhali alamar Wi-Fi na nan a saman fuskar wayar. Lokacin da mutum ya fi buƙatar shafin saiti kuwa shi ne daidai lokacin da intanet ɗin rautar ya tsaya. In wayar ta tambaye ka ko za ta ci gaba da zama a kan hanyar da ba ta da intanet, amsa mata da e.

Na biyu shi ne VPN, kuma a Sudan shi ne babban mai laifi. Takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1997, wanda aka ɗage a Oktoban 2017, ya sa manhajoji da shafuka da dama ba sa buɗewa daga cikin ƙasar. A Disamban 2018 aka toshe shafukan sada zumunta. A Yulin 2025 kuma aka taƙaita kiran murya da na bidiyo ta WhatsApp. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara yawan masu sa VPN, har ya zama a wayoyi da yawa kunne yake dare da rana, mai wayar ya manta da shi. Aikinsa shi ne ya tattara duk abin da ke fita daga wayar ya kai shi wata kwamfuta a Jamus ko Holan ko Amurka, daga can ya shiga intanet. To in ya kwashi 192.168.8.1 ya kai Jamus, wa zai amsa? Dubi saman fuskar wayar: in akwai alamar ɗan makulli ko haruffan VPN, kashe shi. A Android akwai wani saiti da ke sa VPN ya ta da kansa bayan an kashe shi, har ya hana komai wucewa in ba ta cikinsa ba. Shiga saitin wayar, sashen VPN, ka kashe shi daga can. Wasu manhajojin suna da zaɓin barin hanyar cikin gida a buɗe, amma ba sai ka wahalar da kanka da nemansa ba, kashe shi na minti goma ya fi sauƙi. A kwamfuta ma haka, kuma in ta taɓa aiki a ofis ko jami'a, duba saitin Proxy, wataƙila har yanzu tana neman wata kwamfutar ofis da babu ita.

Nemo adireshin na gaskiya

Juya rautar ka duba ƙasanta ko bayanta, akwai sitika. In ƙaramar ta aljihu ce mai batir, buɗe murfin baya ka cire batirin, sitikar galibi tana ƙarƙashinsa. Ɗauki hotonta da waya tun yanzu, kafin zafi da ƙura su cinye rubutun. A nan za ka ga sunan Wi-Fi da kalmar sirrinsa da adireshin shafin, sau da yawa har da sunan shiga. Rautocin Huawei masu cin layin waya yawanci 192.168.8.1 ne. ZTE da Tenda da D-Link sun fi amfani da 192.168.0.1. TP-Link tana tsakanin 192.168.0.1 da 192.168.1.1, gwargwadon samfurin. Xiaomi 192.168.31.1 ne, MikroTik 192.168.88.1, akwatin Huawei da ake haɗawa da wayar faiba kuwa ya fi zuwa da 192.168.100.1.

Sai dai sitika yadda na'urar ta fito daga masana'anta take faɗa. In wani ya taɓa sauya adireshin, ko kamfanin layi ya sa nasa, sai ka tambayi wayarka, domin ita ta san ƙofar da take bi. A Android danna sunan Wi-Fi ɗin ko alamar da ke gefensa, ka nemi layin da aka rubuta Gateway ko Router, in wayar da Larabci take kuma kalmar bawwaba. A iPhone danna ƙaramin harafin i na cikin da'ira, ka gangara zuwa Router. A kwamfuta mai Windows danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, in baƙin allo ya fito ka rubuta ipconfig. Lambar da ke gaban Default Gateway ita ce adireshin rautarka. Wasu wayoyin ba sa nuna wannan layi, sai lambar wayar kanta, misali 192.168.8.103. Mayar da rukunin ƙarshe zuwa 1, galibi za ka dace.

In ka ga lambar kwamfutar ta fara da 169.254, gaban Default Gateway kuma fayau, to rautar ba ta ba ta lamba ba, ita ce ta ƙirƙiri tata don ta gaji da jira. Zare wutar rautar, ka ƙirga talatin, ka mayar, ka ba ta minti biyu ta gama tashi. In bai sauya ba, akwai yiwuwar an kashe mata rabon lambobi, abin da ake kira DHCP, kamar yadda ake yi wa rautar da ta taɓa zama ta biyu a shago ko ofis. A nan sai ka ba kwamfutar lamba da hannu a saitin IPv4: in sitika ta ce 192.168.1.1, rubuta 192.168.1.50 a gurbin farko, 255.255.255.0 a na biyu, ka sake gwadawa. In ka gama aikinka ka mayar da saitin yadda yake, in ba haka ba kwamfutar za ta ƙi shiga wasu wuraren. A baƙin allon nan kuma akwai gwaji mai raba gardama. Rubuta ping, ka bar sarari, ka sa adireshin. In ka ga Reply from tare da lambar rautar da lokacin amsa, hanya a buɗe take, matsalar a burauza take. In Request timed out ne, har yanzu ba ka isa ga rautar ba, kuma sauya burauza goma ba zai amfane ka ba.

Burauza da halinta

Akwatin da ke can saman burauza shi ne wurin rubuta adireshi. Mutane da yawa a akwatin neman Google da ke fuskar waya suke rubutawa. In ka ga jerin sakamakon bincike ya fito, to ka fita waje, kuma kar ka danna ko ɗaya, domin akwai shafuka da aka gina da gangan da sunaye masu kama da waɗannan lambobi, ba abin da ke ciki sai talla. Adireshin rukuni huɗu ne na lambobi, da ɗigo uku a tsakani, babu sarari, babu waƙafi, babu www a gaba. Lura kar ƙaramin harafin l ya shigo a madadin 1, ko O a madadin 0. In madannan wayarka a Larabci suke, juya su zuwa na boko, domin ba lallai burauza ta ɗauki lambobin Larabci a matsayin adireshi ba. Kuma ka fara da http:// da hannunka, kamar haka: http://192.168.8.1.

Kar ka yi amfani da Opera Mini a wannan aiki. An so ta ne saboda rage cin data, kuma yadda take ragewa shi ne ta tura buƙatarka zuwa kwamfutocin kamfaninta a ƙasashen waje, su ɗauko shafin su matse shi su dawo maka da shi. Kwamfutocin nan ba su da hanyar isa ga rautar da ke ɗakinka. Chrome ko Firefox ko Edge ko Safari ko Samsung Internet, kowacce ta wadatar. Haka nan sunaye irin su tplinkwifi.net da tendawifi.com da miwifi.com suna aiki ne kawai in rautar ce take fassara wa wayar sunaye zuwa lambobi. Tun daga Android 9 akwai saitin Private DNS da ke miƙa wannan aiki ga wani a waje, burauzoji ma suna da irinsa. Lamba ba ta buƙatar mai fassara, don haka ita na fi ba da shawara. Masu iPhone su sani tun daga iOS 14 na 2020 manhaja sai ta nemi izini kafin ta taɓa na'urorin cikin gida. In ka taɓa hana AI Life ta Huawei ko Tether ta TP-Link wannan izini, ba za su ga rautar ba sai ka buɗe musu Local Network a saitin sirri. Kafin nan yi amfani da Safari.

Sai gargaɗin da ke firgita mutane. Tun daga Yulin 2018 Chrome take rubuta Not secure a gefen duk shafin da ba a lulluɓe saƙonsa ba, kuma shafukan rautoci da yawa haka suke. Wani lokaci shafi guda ne zai tare ka da jan rubutu cewa hanyarka ba ta sirri ba ce. Dalili shi ne rautar da kanta ta rubuta wa kanta takardar shaida, babu wata hukumar waje da ta sa hannu, kuma ba za a sa ba tunda adireshin na cikin gida ne. In ka tabbata lambar da ke sama ta rautarka ce, danna Advanced, sannan Proceed. Ina roƙon mai karatu ya riƙe iyakar wannan izini: a adireshin rautarka kaɗai yake. In irin wannan gargaɗi ya fito a shafin banki ko na imel, musamman a kan Wi-Fi ɗin kasuwa, rufe shi ka tashi.

Tsofaffin na'urori suna da tasu damuwar. A 2020 manyan burauzoji suka daina karɓar tsoffin hanyoyin lulluɓe saƙo na TLS 1.0 da 1.1, don haka rautar da su kaɗai ta iya za ta fito da ERR_SSL_VERSION_OR_CIPHER_MISMATCH, ba tare da maɓallin wucewa ba. Gwada http:// a madadin https://. In ta dage, a kwamfuta mai Windows akwai yanayin Internet Explorer da aka bari a cikin Edge bayan an yi wa tsohuwar burauzar ritaya a Yunin 2022, kuma yakan buɗe shafukan da maɓallansu suka daina dannuwa a sababbin burauzoji. Wannan dabarar wucin gadi ce. Rautar da ta tsufa har haka kamfaninta ya daɗe da daina toshe mata ɓaraka, in hali ya samu a sauya ta.

Saƙon kuskuren ma yana da abin da yake faɗa. In ya ƙare da TIMED_OUT ko UNREACHABLE, ba wanda ya amsa, koma baya ka duba data da VPN da adireshi. In ya ƙare da REFUSED, na'urar na nan amma ƙofar da ka ƙwanƙwasa a rufe take, sai ka sauya tsakanin http da https. In shafin ya buɗe rabi, ko yana ta juyawa, ko ka sauya rauta amma hoton tsohuwar ne ke fitowa, ajiyar burauza ce ta cakuɗe saboda adireshin ɗaya ne. Buɗe shafin sirri na Incognito ka gwada a can.

Kalmar sirri biyu ce

Da yawa suna isowa nan su tsaya, saboda sun ɗauka kalmar sirri ɗaya ce. Ta Wi-Fi daban, ita ake ba baƙo. Ta shafin saiti daban, ta mai gida ce. Tsofaffin na'urori da yawa da admin a gurbin suna da admin a gurbin kalmar sirri suke fitowa. Sababbi kuwa ko dai an buga tasu a sitika, ko su nemi ka ƙirƙiri taka ranar farko. In ba kai ka yi ranar farkon ba, muhandis ne ya ƙirƙira, kuma ya kamata a ce ya rubuta maka.

Ga wani abu da ya keɓanta da ƙasashen da ake rubutu da Larabci. A kwamfutar da madannanta ke kan Larabci, in ka buga admin abin da ke shiga shi ne شيةهى, kuma tunda gurbin kalmar sirri ɗige-ɗige kawai yake nunawa, ba za ka gani ba. Mutum ya buga daidai da yatsunsa har sau uku, na'ura ta ce kuskure ne. Dubi kusurwar ƙasa ta allon kusa da agogo ka ga yaren da ke kunne, ka juya shi da Alt da Shift ko maɓallin Windows da dogon maɓallin sarari. In akwai alamar ido a gefen gurbin, danna ta ka ga abin da ka rubuta. A waya kuma lura da harafin farko, wanda madannai ke mayarwa babba da kansu, domin Admin da admin ba ɗaya ba ne. Kar ka yi ta jefa kalmomi barkatai: rautoci da yawa suna kulle gurbin na ɗan lokaci bayan kuskure kaɗan a jere. Wasu, kamar na TP-Link da dama, mutum ɗaya suke bari ya shiga a lokaci guda, don haka tambayi yaran gida ko wani ya bar manhajar a buɗe a wayarsa.

Gidan da ke da rauta biyu

Tun bayan katsewar Fabrairun 2024 Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan adam, ta yaɗu a Sudan, kuma galibi akan ƙara mata wata rauta domin Wi-Fi ya kai ɗakuna ko shaguna. Rautar Starlink 192.168.1.1 take ɗauka, faifanta kuma 192.168.100.1, kuma ta manhajarta ake saita ta. In rauta ta biyu ita ma 192.168.1.1 ce, za su yi karo, ko kuma ta biyun ta sauya adireshinta da kanta ta bar ka kana neman tsohon. Hanya mafi sauƙi ita ce ka zare kebul ɗin da ya haɗa su, ka kashe ta biyun ka kunna, ka shige ta ita kaɗai, ka ba ta wani adireshi kamar 192.168.5.1, sannan ka mayar da kebul.

In da kebul kake haɗa kwamfuta, sa shi a ɗaya daga cikin ramukan LAN. Ramin WAN, wanda galibi launinsa daban, na shigowar intanet ne, kuma ta nan ba a barin kowa ya ga shafin. Haka wanda ke kan Wi-Fi ɗin baƙi ba zai gan shi ba, da gangan aka yi. Wanda kuma ya biya kuɗin awa a wurin mai Starlink na kasuwa, shafin saitin ba nasa ba ne, haƙƙin mai shi ne, kar ya taɓa.

Wuta ma takan shigo ciki. Rautar da ke kunna fitilu amma shafinta na yankewa a tsakiya, ko tana kashe kanta tana tashi, duba cajarta. Da yawa volt 12 suke ci, amma karanta abin da aka rubuta a jikinta ka gwada da na cajar, musamman in ba tata ta asali ba ce. A watannin Mayu da Yuni, da zafin Hartum ke haura digiri 40, sauke ta daga bakin taga, ka kakkaɓe ƙurar guguwar habub daga ramukan iskarta.

Ramin tsinke

In duk wannan bai yi ba, ko kalmar sirrin ta ɓace ba mai tuna ta, sai a zo ga ramin da aka rubuta Reset. Kashewa da kunnawa ba ya goge komai. Wannan kuwa yana mayar da na'urar yadda ta fito daga kwali, kuma ba a dawo da abin da ya goge. Kafin ka taɓa shi tabbatar sitika na karantuwa, domin sunan Wi-Fi da kalmar sirrinsa za su koma na jikinta. In an kankare ta, sai kana da kebul, ko wayar USB in ta aljihu ce. In rautar layin waya take ci, cire layin ka sa a wayarka, ka duba sunan APN a saitin hanyar sadarwa ka rubuta a takarda, domin ba kullum take gano shi da kanta ba. In layin na da PIN ka san shi, kuskure uku yana kulle shi sai da PUK. In kuwa ta wayar ƙasa ko faiba intanet ke shigo maka, kar ka taɓa ramin sai ka karɓi suna da kalmar sirrin haɗi daga kamfanin, in ba haka ba shafin zai buɗe amma intanet ya tafi.

Yadda ake yi: na'urar na kunne, sa tsinken sakace ko abin cire layin waya, ka danna ka riƙe kamar daƙiƙa 10 har fitilu su ɗauke ko su yi ƙyafta-ƙyafta, ka saki. Kar ka zare wuta tana cikin tashi. Abu ɗaya da wannan ba ya warwarewa shi ne rautar da aka ɗaure wa layin kamfani guda. Ita shafinta zai buɗe, amma in ka sa wani layi za ta nemi lambar kwancewa, kuma gwajin ƙidayayye ne, in ya ƙare ta kulle. Kar ka yi mata canki-canka.

Da ka samu shiga, fara da sauya kalmar sirrin shafin kanta. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rautoci a duniya, ba da wata dabara mai zurfi ba, da gwada kalmomin masana'anta da mutane ba su sauya ba. Sannan ka sauya ta Wi-Fi, doguwa wadda ba lambar wayarka ba, ka zaɓi WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS da damar sarrafa na'urar daga nesa. Buɗe jerin na'urorin da ke haɗe ka ƙirga su da wayoyin gidan, nan za ka ga inda datar ke tafiya. Rubuta adireshin da kalmomin biyu a takarda ka ajiye tare da takardun gida, ka nuna wa mutum ɗaya cikin iyali.

Wanda zai sayi rauta yanzu, a Umdurman ne ko a shagunan da ke sake buɗewa a Hartum, kar ya bar wurin sai an buɗe shafin a wayarsa shi, a gabansa, ya shiga da hannunsa. Ya tambaya ko tana karɓar kowane layi, a gwada masa da layi biyu. Ta hannu wadda ba kwali, an kankare sitika, mai sayarwa kuma bai san kalmar sirrinta ba, a bar ta. Ban da wahalar da za ta ba ka, kowa ya san kayan gidajen mutane da yawa sun fita ba da yardar masu su ba a shekarun nan, bai kamata kuɗinka ya shiga ciki ba.

Ku kuma 'yan'uwa masu shago da muhandisai, Allah ya mayar muku da abin da kuka rasa. Don Allah duk rautar da kuka saita, ku rubuta wa mai ita abu uku a jikin kwali: adireshin shafi, kalmar sirrin shafi, da ta Wi-Fi. Minti ɗaya ne a wurinku, kuma mai sayen ba lallai ya sake samun hanyar dawowa gare ku ba.